Wasan Da Ba A Cin Kowa: Yaya Ake Gane Zama Ya Yi Armashi?

A 'yan watannin nan iyaye da dama sun tare mu, wasu a bakin shago, wasu a kan hanya, suna tambaya game da wani wasa da samarinmu 'yan jami'a suka zo da shi hutu. Za ka ga mutum biyar ko shida sun kewaye tebur, kowa da takarda da fensir, suna jefa wasu ƙwayoyi irin na ludo da suke kira dayis, suna ta magana har awa uku ko huɗu. Babu kuɗi a tsakani, kuma in an tashi ka tambayi wa ya ci, sai su ce ai ba a cin kowa. To wasan da ba a ci, me ake nema a cikinsa? Da yake gani ya kori ji, mun zauna mun kalla ba sau ɗaya ba, mun yi tambayoyi, ga abin da muka fahimta.

Sunan wasan Dungeons & Dragons, kuma daga Amurka ya fito. Wasu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su suka tsara shi, aka fara buga littafinsa a 1974 a jihar Wiskonsin. Asalinsa wasan yaƙi ne da ake jera 'yan sojojin roba ko na dalma a kan tebur, sai suka ga maimakon mutum ya riƙe runduna guda, gara ya riƙe jarumi ɗaya tak ya yi magana da bakinsa. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya sayi wasan, dokokin da suka fi yaɗuwa a yanzu kuwa tushensu bugun 2014 ne. Akwai wasanni da yawa irinsa, amma shi ne babban wansu.

Ga yadda ake yi. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labari, shi ke faɗin gari da daji da mutanen da aka tarar a hanya. Mu dai madugu muka sa masa, don aikinsa ya yi kama da na uban tafiya a ayarin kakanninmu masu fataucin goro zuwa Gwanja. Sauran kuwa kowa da jaruminsa, an rubuta halayensa shida a takarda: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Madugu zai ce, “Kun iso bakin kogi, gada ta karye, ga 'yan fashi a bayanku, me za ku yi?” Kowa ya faɗi dabararsa. In abin mai haɗari ne, sai a jefa dayis mai fuska 20, a haɗa da makin jarumin, a ga ko ya kai adadin da madugu ya yanke. Dukkansu ɓangare ɗaya suke, shi ma madugun ba abokin gabarsu ba ne.

Mu 'yan kasuwa mun san ciniki iri biyu. Akwai wanda za ka ci riba mai tsoka amma mai saye ya tafi yana ƙunƙuni, ba ka ƙara ganinsa. Akwai kuma wanda kowa zai tashi ransa fari, mako mai zuwa ya dawo har da ɗan'uwansa. Da ma'aunin ciniki na biyun muka auna wannan wasa, sai muka ga zaman da ya yi armashi shi ne wanda kowa ya tashi yana jin da hannunsa a cikin abin da ya faru.

Abu na farko shi ne zaɓin mutum ya yi tasiri. Wata rana madugu ya kwana yana shirya faɗa da masu gadin ƙofar wani birni, ya zana taswira, ya lissafa makamai. Da aka iso ƙofar sai wani yaro, ɗan gidan masu canji, ya ce shi ba zai zare takobi ba, tayi zai yi musu. Madugu ya yi jim, ya ajiye taswirarsa, ya ce to jefa mu ga kwarjininka. Aka shafe rabin awa ana ciniki da masu gadin da babu su sai a baki, har aka daidaita a kan buhun gishiri biyu. Dariyar da aka yi ranar ba a yi ta a wani zama ba. Da ya dage sai an yi faɗan da ya shirya, da yaran sun zama 'yan kallo. Masu wasan a can Amurka suna kwatanta irin wannan dagewa da ɗora mutane a kan layin dogo, inda jirgi ba ya ratsewa ko fasinja sun yi ta ihu.

Na biyu, dole faɗuwa ta kasance mai yiwuwa. A dayis mai fuska 20, kowace lamba tana da kashi 5 cikin 100 na fitowa. In ana faɗa ka jefa 1, ka kuskure ke nan komai gwanintarka, in ka jefa 20 ka yi mummunan sara. Mun lura lokacin da ɗaki ya fi yin tsit shi ne sa'ad da ƙwayar ke birgima. In madugu mai tausayi ne da yawa, kullum yana ceton mutane, sai abin ya zama miya ba gishiri. In kuma mugu ne, yana kashe jarumai don nuna iko, gobe ba mai zuwa. Gwani shi ne wanda ke mai da faɗuwa ƙofar wani labarin: ka kasa haura katanga, an kama ka, to a kurkuku ne za ka gamu da wanda ya san hanyar ɓoye.

Na uku, rabon magana. Duk inda mutum biyar suka zauna, akwai mai baki da yawa, akwai mai kunya. Abin kamar cin tuwo ne a kwano ɗaya, in babba bai sa ido ba, mai saurin hannu ya cinye naman. Madugun kirki yakan dakatar da mai surutu cikin raha, ya juya ga wanda ya yi shiru ya ce, “Kai fa, malam, me jaruminka yake yi yanzu?” Sannan ba abu ɗaya kowa ke so ba. Wani faɗa ya kawo shi, wani warware wasa ƙwaƙwalwa, wani kuma ya sauya murya ya yi maganar tsoho ko ta sarki. Zaman da ɗaya ya ƙoshi huɗu suka tashi da yunwa bai yi ba, ko da labarin ya kai zuma daɗi.

Na huɗu, a yi magana tun kafin a fara. Masu wasan suna da al'adar ware zama guda, suna kiransa zama na sifili, inda ake yarjejeniya a kan irin labarin da ake so, da abin da ba a so a taɓo, da lokacin tashi. A nan ne amsar damuwar iyaye take. Gaskiya ne littattafan wasan cike suke da bokaye da dodanni da allolin ƙage, kuma ko a Amurka a shekarun 1980 wasu iyaye da malaman coci sun tayar da jijiyar wuya a kansa. Amma labarin a hannun masu zama yake. Yaranmu sun yarda a tsakaninsu cewa babu bautar wani abu a labarinsu, babu batsa, babu sa kuɗi, kuma in an kira salla an ajiye fensir. Wanda ya san iyakar fili ya fi sakin jiki a cikinsa.

Alama ta ƙarshe sai bayan an tashi ake ganinta. Ka saurari abin da suke faɗa a hanya. In ka ji suna cewa “ka tuna sa'ad da muka yaudari mai gadin nan”, suna faɗin “mu” kamar tare suka sha ƙurar tafiyar, suna kuma tambayar yaushe za a sake zama, to an dace. Shi ya sa madugu mai wayo yakan tsaya a daidai inda rai ya rataya, an buɗe ƙofa ba a ga na ciki ba, sai mako mai zuwa.

Abin da ya sa muka ba wannan magana muhimmanci, mu da muka taso a nan Sabo mun samu tatsuniya a bakin kakanni, ita ta riƙe mana Hausarmu a tsakiyar Yarabawa. Yau yaro yakan wuni a ɗaki ɗaya da ƙaninsa, kowa ya sunkuya a kan waya, ba su yi jimla goma ba. Sai ga wani abu ya sa su zauna fuska da fuska, suna jiran juna ya gama magana, suna shawara kafin su yanke hukunci. A tatsuniya mai sauraro ba ya iya hana Gizo faɗawa rami, a nan kuwa yana iyawa. Har mun ji wani madugun ya bar Turanci ya koma ba da labarinsa da Hausa, ya sa ayari da zango da fatake a ciki, yara suna tambayar ma'anar kalmomin da ba su taɓa ji ba.

Shawararmu ga iyaye ita ce, kafin ka hana ko ka bari, ja kujera ka zauna rabin awa. Duba ko ana ba ƙarami dama, ko ana dariya tare ko kuwa wani ake yi wa, ko ana tashi a kan lokaci, ko karatu da aiken gida ba su sha kashi ba. In waɗannan sun cika, ka sa musu albarka, in da hali ka aika musu da shayi. In ba su cika ba, madugun za ka kira gefe ka yi wa magana, don gyaran tafiya daga uban tafiya yake farawa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya bar mu da zumunci.