ZURU: Ƙasar Da Soja Ke Komawa Gona

Duk wanda ya taso daga Kontagora ya bi hanyar Rijau ya nufi arewa, ba zai jima ba zai ga ƙasa ta fara sauya kama. Shimfiɗaɗɗen fili ya riƙa raguwa, duwatsu su fara ɗagowa dama da hagun, ga itatuwan kaɗanya da na ɗorawa tsaitsaye cikin gonakin dawa, ga rumbuna jere a bayan gidaje. To, wannan ita ce ƙasar Zuru, a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, inda jihar ta yi iyaka da Neja da kuma Zamfara. Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙasashe biyar, watau Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, waɗanda aka raba su ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Fakai, Sakaba, da Danko/Wasagu. Lokacin samun mulkin kai tana cikin Lardin Neja, a 1967 ta shiga Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 ta zauna cikin Jihar Sakkwato, sa'an nan da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 ta koma can.

Mafi yawan mazauna ƙasar Dakarkari ne, waɗanda suke kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela. Akwai Fakkawa da Dukawa da Bangawa da Kambari, ga Hausawa da Fulani da suka daɗe a cikinsu. Ba abin mamaki ba ne a tarar da Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya duk 'yan gida ɗaya, suna noma gona ɗaya. Amma fa abu biyu ne aka fi sanin ƙasar da su a duk faɗin Nijeriya, noma da aikin soja. Da wuya a shiga unguwa a rasa gidan da ya ba da soja, kuma da wuya a sami tsohon sojan da ya ajiye kaki bai ɗauki garma ba. Wanda ya bi tarihin gida guda daga kaka zuwa jika, kusan ya bi tarihin gidaje masu yawa na wannan ƙasa.

GOLMO

Kafin a zo kan batun bariki, sai an fara da gona, don kuwa a can ake fara horar da ɗa namiji. Bisa al'adar Dakarkari, yaro yakan fara da kokawa tsakanin tsararrakinsa. Idan ƙarfinsa ya kawo sai ya shiga golmo, watau ƙungiyar samari masu yi wa iyayen 'yan matan da za su aura aikin gona. Shekara bakwai saurayi yakan yi yana wannan bauta kafin a ba shi mata. Ba shi kaɗai yake zuwa ba, da abokan ƙungiyarsa ake zuwa, yau gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan, kuma akwai shugaba, akwai doka, akwai horo ga wanda ya makara ko ya yi ragwanci. Bayan an kawar da amfanin gona akan yi bikin Uhola, na godiya saboda damina, inda kuma ake yaye waɗanda suka gama wa'adinsu.

Saurayin da ya shekara bakwai yana tashi da asuba, yana huɗa tun safe har rana ta take, yana bin umarnin shugaba ba tare da musu ba, ai fareti ba zai zame masa baƙon abu ba. Bugu da ƙari, mutanen nan sun san yaƙi tun kafin zuwan Turawa. A ƙarni na 19 mayaƙan Kontagora, na Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, sun sha kai hare-haren kamun bayi a wannan yanki, jama'a kuwa suka riƙa fakewa a kan duwatsu suna kare kansu da baka da kibiya. Sa'ad da Turawa suka kafa mulki suka ɗora harajin da sai da kuɗi ake biyansa, aikin soja ya zama ɗaya daga cikin hanyoyi ƙalilan da ɗan ƙauye yake da su na samun albashi. Tun daga nan Dakarkari suka yi suna a cikin rundunar, wadda a lokacin da Hausa ake ba da umarni a cikinta.

KAKAN GIDA DA YAƘIN BAMA

A irin gidan da ake magana a kai, kakan gida shi ne wanda ya ga Yaƙin Duniya na Biyu. An fara yaƙin a 1939, Turawan Ingila suka nemi sarakuna da hakimai su kawo samari, waɗansu suka tafi da son ransu, waɗansu kuwa tura su aka yi. Na farko-farko an kai su Gabashin Afirka, inda sojojin Nijeriya suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka bi sawun Italiyawa har cikin ƙasar Habasha. Na baya kuma aka zuba su cikin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, aka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, don su kara da sojan Japan.

Wannan yaƙi na cikin ƙurmi ne da tsaunuka, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, inda mota ba ta shiga. Daga jirgin sama ake jefo musu abinci da harsashi, su kuwa su ɗauka a ka su hau dutse su sauka. Ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ga zazzaɓi da atuni, ga abokan gaba da ba a ganinsu sai sun buɗe wuta. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka kama garin Myohaung. Har yau sunayen waɗannan wurare suna nan a kan barikokin Nijeriya: Myohaung da Arakan da Dodan a Ikko, Kalapanzin da Dalet a Kaduna. Mutane da yawa suna faɗin sunayen ba tare da sanin cewa filayen daga ne da kakanninsu suka zub da jini a kai ba.

Yawancinsu sai a 1946 suka dawo. Abin da tsohon soja ya shigo da shi gida bai wuce akwatin ƙarfe ba, da bargo, da lambobin yabo, da takardar sallama, da ɗan kuɗin da bai kai na takwaransa Bature ba ko kusa. Waɗansu sun sami aikin ɗan doka ko masinja a En'e, ko gadi a kantunan Turawa. Mafi yawa kuwa gonar gado suka tarar tana jiransu. Kuɗin sallama ya tafi wajen aure da sayen keke da kwanon rufi, mutum ya rataye kaki ya koma bakin kunya. Amma ya dawo da abin da ya fi kuɗin daraja, watau ya ga duniya, ya ga amfanin karatu, saboda haka sau da yawa 'ya'yansa suna cikin na farko da aka sa makarantar boko a ƙauyen.

ƊAN GIDA DA YAƘIN BASASA

Ɗan da aka haifa bayan dawowar nan yana da shekara ashirin ko kusa da haka sa'ad da Yaƙin Basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967. Kafin yaƙin sojan Nijeriya bai wuce kimanin 10,000 ba, amma kafin a gama ya kai wajen 250,000. Ana ɗaukar kurata a gaggauce, a ba su horo na 'yan makonni, a tura su bakin daga. Samarin ƙasar Zuru da yawa suka bar golmo a tsakiya suka tafi. Wani ya bi Runduna ta Ɗaya ta Muhammadu Shuwa da ta kama Nsukka da Inugu, wani ya bi ta Biyu ta Murtala Muhammed zuwa Asaba da Anacha, wani kuma aka kai shi ta Uku a bakin teku. An gama yaƙin ran 15 ga Janairu, 1970, kuma a barikin Dodan aka karɓi miƙa wuya, barikin da aka sa wa sunan wani filin daga na Bama inda tsaran ubansa suka yi yaƙi. Wannan rana ta 15 ga Janairu ita ce Nijeriya take tunawa da mazan jiya kowace shekara.

Da zaman lafiya ya samu gwamnati ta ga ba za ta iya riƙe soja mai wannan yawa ba, sai aka shiga rage su, musamman daga tsakiyar shekarun 1970. Wannan ya zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ana kiran kowa ya koma gona. Kofur ko saje da aka sallama ya dawo gida da iyali, wani lokaci ma da matar da ya auro daga Kudu. Ya tarar da uba ya tsufa, ƙanne sun girma, gona kuwa tana nan. Ya sayi shanun huɗa, ya fara zuba takin zamani, ya ƙara masara da wake da shinkafar fadama a kan dawar da ya gada. A ƙauye shi ne mai rubuta wa jama'a wasiƙa, shi ne mai raka mara lafiya asibiti, shi ake turawa gaban hukuma don ya iya magana da ma'aikata.

Fensho kuwa ya zama wani yaƙin dabam. An yi shekaru tsofaffin sojoji suna tafiya mai nisa don tantancewa, suna kwana a bakin ofisoshi, waɗansu ma takardunsu sun ɓace ba su taɓa karɓar ko kwabo ba. Abin da ya riƙe irin wannan gida shi ne rumbu. Idan rumbu ya cika, ko kuɗin wata ya makara ba a kwana da yunwa, kuma da buhun dawa da na wake ake biyan kuɗin makarantar yara.

Daga irin waɗannan gidaje ne ƙasar ta fitar da manyan hafsoshi. Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya riƙe shugabancin sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Manjo Janar Tanko Ayuba ya yi gwamnan soja a Jihar Kaduna, daga baya ya zama sanata. Manjo Janar Muhammadu Sani Sami ya yi gwamnan soja a Jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985, sa'an nan ya zama Sarkin Zuru, ya yi shekara kusan talatin a kan gado kafin rasuwarsa a 2025. Amma a bayan kowane janar guda akwai kurata da kofur-kofur masu ɗimbin yawa waɗanda ba a san sunansu ba sai a ƙauyensu.

JIKOKI DA GONAR DA TA ZAMA FILIN DAGA

Jikokin gidan ma ba su bar gadon ba. Waɗansu sun je Laberiya da Saliyo cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma a shekarun 1990, waɗansu an tura su Arewa maso Gabas tun da rikicin Boko Haram ya tashi a 2009. Sai dai a wannan karo yaƙin ya biyo su har gida. Ƙasar Danko/Wasagu da ta Sakaba sun jingina da dazuzzukan Zamfara da Neja, inda 'yan bindiga suke da sansani. A watan Yuni na 2021 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 88 a waɗansu ƙauyukan Danko/Wasagu. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da 60, kwanaki kaɗan bayan haka kuma aka kashe sojoji da 'yan sanda a garin Kanya, a ranar da mataimakin gwamna na lokacin, Kanar Sama'ila Yombe Dabai, shi ma tsohon soja ɗan ƙasar, ya kai ziyara. A watan Nuwamba na 2025 aka sace 'yan mata 25 daga makarantar sakandare ta garin Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, kafin daga baya 'yan matan su kuɓuta.

Wanda ya je Yaƙin Basasa yana saurayi, yau ya kusa shekara tamanin ko ya haura. A ƙauyukan da abin ya shafa, gonar nesa an bar ta ta koma daji, shanun huɗa an kore su, rumbun da aka cika da gumi an ƙone shi ko an kwashe. Iyalai da dama sun yi gudun hijira zuwa Ribah da Dirin Daji da cikin garin Zuru, suna zaune a gidajen 'yan'uwa. Dattijon da bai taɓa roƙon abinci ba tun da ya ajiye bindiga, sai ga shi yana jiran abin da ɗansa soja zai aiko daga wani filin dagar. Asarar kuwa ba ta tsaya a gidansa ba, don hatsin wannan ƙasa yana shiga kasuwannin Kebbi da Neja da Sakkwato, idan manomin Wasagu bai shuka ba, mai awo a birni zai ji a aljihunsa.

A 2020 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Aikin Gona a Zuru, abin da ya nuna an san matsayin ƙasar wajen noma. To, amma ilmin gona ba zai yi amfani ba sai manomi ya iya zuwa gonarsa da safe ya dawo da yamma lafiya. Abin da tsohon sojan ƙasar Zuru yake bukata a fili yake: a tsare hanyoyin da suka fito daga dazuzzukan iyaka, a biya shi hakkinsa ba tare da ya yi tafiyar kwana da kwanaki ba, a kuma taimaka wa waɗanda suka gudu su koma ƙauyukansu kafin ruwan shuka ya sauka. Gidan da ya ba Nijeriya kaka da ɗa da jika ya cancanci a tsare masa gonarsa.