Masu Jan Igiya a Ƙauyukan Ingila

A wajenmu nan Basawa ƙararrawa 'yar aike ce kawai. Ko ta coci ce a Sabon Gari ranar Lahadi, ko tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye jikin maina a firamare, yaro guda ya ishe ta: ya buga, kowa ya san lokaci ya yi. Turawan Ingila kuwa sun mai da ita wasan manya.

Hasumiyoyin coci sama da 5,000 ne a ƙasar ke da jerin ƙararrawa, galibi shida ko takwas, da yawansu a ƙauyukan da ba su kai rabin Samaru ba. Dare ɗaya a mako mutanen gari kan hau wata matsattsiyar matakala, manomi da ɗan fansho da 'yar sakandare, kowa ya kama igiyarsa. Wasunsu ko ibada ba sa zuwa, sha'awa ce zalla.

Sabon shiga kan yi makonni yana fama da ƙararrawa ɗaya, an ɗaure mata harshe don kada a dami maƙwabta. Tana manne da wani babban gargare na katako, idan an ja igiya sai ta juya gaba ɗaya ta tsaya baki sama. Akwai mai nauyin ƙaramar mota, babbar da ake ja a cocin Liverpool ma ta haura tan huɗu. A jikin igiyar an saƙa ulu mai launi inda hannu zai cafke. Wanda ya ja da ƙarfin tsiya sai ya karya sandar da ke tokare ƙararrawar, igiya ta yi sama a guje, in bai saki ba ta tafi da shi. Shi ya sa kafin a koya maka ja, sai an koya maka saki.

Inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne ba waƙa suke kaɗawa ba. Kalangu magana yake yi, waɗannan lissafi suke. Saboda nauyi, ƙararrawa ba ta iya tsallake layi, sai dai ta yi musayar wuri da maƙwabciyarta: in an ba kowace ƙararrawa lamba, jerin 123456 ya koma 214365, sannan 241635, haka dai, kuma ba a yarda a maimaita jeri ko ɗaya ba. Ƙararrawa shida na ba da jeri 720. Bakwai na ba da 5,040, wato kusan awa uku a tsaye, ba hutu, ba takarda a hannu, komai da ka. Mutum ɗaya ya ɓata, aikin kowa ya rushe. A 1963, a garin Loughborough, mutum takwas suka ƙure duk jeri 40,320 na ƙararrawa takwas cikin kusan awa 18. Tun 1677 Fabian Stedman ya wallafa littafi kan wannan ilimi, har yau ana kaɗa salon da ke ɗauke da sunansa.

Tambarin sarki a nan Zazzau gadon gida ne. Can kuwa duk wanda ya hau matakalar za a koya masa, yanzu ma roƙon mutane ake yi, don tsofaffin hannu na ƙarewa. Gabanin naɗin Sarki Charles na Uku a watan Mayun 2023 sai da aka yi yekuwar neman sababbin masu koyo, gudun kada wasu hasumiyoyin su yi tsit ranar biki. Sun taɓa yin tsit ɗin a 1940, lokacin da gwamnati ta hana kaɗawa, ta ce duk ranar da aka ji ƙararrawa, to sojojin Jamus sun sauka.