Shuni a kan kujerar mota

Turkudi tufa ne mai tsada. A Kura ta ƙasar Kano ake rina shi, a buga shi da shuni har ya yi walƙiya, sannan fatake su kawo shi Maraɗi da Tawa da Agadas. Amma shunin ba duka yake shiga zare ba. Saura a bisa yake zama, shi ya sa yake kama hannu da goshi.

Wani direba a Damagaram ya ɗauko surukin maigidansa daga ƙauye, ranar zafi. Tsohon yana sanye da sabon turkudi. Da ya sauka, farar fatar kujera ta zama shuɗiya. Motar ba ta direba ba ce, kuma da aikin nan yake ciyar da gidansa.

Ƴan tasha suka ce ya zuba asansi ko jabel. Wani baduku ya hana. Ya ce: "Ɗana, waɗannan suna cinye fentin fata, ta bushe, ta tsage."

Baduku ya kawo farin tsumma da ruwan ɗumi da ɗan sabulu. Ya fara gwadawa a gefen da ido bai gani. Sannan ya shafa sannu sannu, daga bakin tabo zuwa tsakiya. In tsumma ya yi shuɗi, ya juya wuri mai tsabta. Bai jiƙa fata ba, bai dirje ba. Sau uku ya yi, yana barin ta bushe a inuwa. Da tabon ya yi kwanaki, da ya fi wuyar fita.

Ɗan alama ya rage wajen ɗinki. Direba ya nuna wa maigida, ya sayo zane ya shimfiɗa.