Sabon Gida a Ƙauyen Ingila, da Yadda Ake Yin Gida a Namu

A Ingila mai hali ne ke gudu ƙauye. A wurinmu duk wanda Allah Ya buɗa wa birni yake nufa, ya nemi fili a Nasarawa ta Kano ko ya yi mafarkin Maitama, ƙauye kuwa sai sallah ko biki ko ta'aziyya. A nan babban likita ko lauya burinsa ya tsere wa hayaniyar Landan ko Birmingham, ya koma inda zai buɗe taga ya ga tumaki suna kiwo. Rufin ciyawar da manominmu ke alla-alla kaka ta yi kyau ya yaye ya buga kwano, a yankin Cotswolds sai wane da wane, don gyaransa da inshorarsa ma ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne.

Tsofaffin gidajen ƙauyukan ba su ishi masu nema ba. Shi ya sa manyan kamfanonin gini irin su Barratt Redrow da Persimmon da Taylor Wimpey suke sayen gona a gefen ƙauye, su jera gidaje hamsin ko ɗari masu kama ɗaya, su kafa tutoci a bakin hanya suna kiran masu saye. Na daɗe ina kallon yadda abokan aiki, har da 'yan uwanmu 'yan Najeriya, suke shiga wannan ciniki, kuma abin da na fahimta shi ne: a Ingila gida ne ke kai mutum ƙauye, a ƙasar Hausa ƙauye ne ke ba mutum gida. Sauran bambance-bambancen duk daga nan suka tsiro.

A fara da ƙasa. Tun dokar tsara birane da karkara ta 1947, Bature yana iya mallakar gona amma ikon yin gini a kanta ba nasa ba ne, sai hukumar yanki ta ba da izini. Daga 1955 gwamnati ta ƙarfafa kewaye manyan birane da filayen da aka haramta wa gini, don kada birni ya haɗiye karkara. Saboda haka ranar da gona ta sami izinin gini, kuɗinta kan ninka ninkin-ba-ninkin alhali ko bulo ɗaya ba a aza ba. Kafin a ba da izinin sai an liƙa sanarwa a jikin turakun fitila, a ba jama'a kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. A nan ake ganin tsofaffin ƙauye sun cika zauren taro, kowa da takarda a hannu: hanya ta yi ƙanƙanta, makarantar firamare ta cika, asibitin sha-ka-tafi ba ya ɗaukar sababbin mutane, ruwan sama zai rasa mafita. Idan kamfani ya yi nasara, sashe na 106 na dokar tsara birane da karkara ta 1990 yana ba hukuma damar ɗaure shi da sharaɗi: ya ware wasu gidaje masu rangwamen kuɗi, ko ya biya wani kaso na faɗaɗa makaranta da gyaran hanya. Gwamnatin da ta hau mulki a 2024 ta yi alkawarin gidaje miliyan 1.5 cikin shekara biyar, don haka wannan ja-in-ja ba ta kusa ƙarewa ba.

Mu ma muna da doka. Ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da takardar mallaka a karkara. Amma wa ya taɓa zuwa sakatariya don ɗansa zai yi aure? Uba ne zai nuna masa wani sashe na gida ko bakin gonar bayan gari ya ce, "Ga wuri nan, ka ja danga." Idan baƙo ne kuwa, sai ya bi ta hannun mai masaukinsa zuwa ga mai unguwa, daga nan zuwa dagaci. Ranar ciniki a shimfiɗa tabarma a zaure. Mai fili da 'yan uwansa a gefe guda, mai saye da nasa a ɗaya gefen, dillali yana tsakiya yana jiran la'adarsa. A kira masu maƙwabtaka da filin, a taka a ga iyaka, daga gindin ɗorawa zuwa jerin aduwa. Wani ɗan boko ya yage takarda daga littafin makaranta ya rubuta, masu sa hannu su sa, masu dangwala yatsa su dangwala. A raba goro, liman ya shafa Fatiha. Takardar tana iya ɓata ko gara ta cinye ta, amma mutum goma sun gani da idonsu, kuma 'ya'yansu za su ji.

A Ingila mai saye ba ya ganin mai gonar, bare maƙwabci. Abin da zai gani shi ne gidan nuni, wanda aka ƙawata don jan hankali. Na shiga irinsa a wani ƙauye a Northamptonshire. An shimfiɗa gado da fararen zannuwa, an jera faranti da cokula a teburi kamar baƙi na hanya, ƙamshi na tashi, an kunna kowace fitila da rana tsaka. Sai da wanda muka je tare ya ja hankalina na lura cewa an cire ƙyauren wasu ɗakunan, gadajen kuma ƙanana ne, don ɗaki ya yi kamar yana da fili. Da muka fito, matar da ke sayarwa ta kai mu gaban taswira ta ɗora yatsa a kan wata lamba. Gidan da ake magana a kansa ke nan. Ta taga muna hango wurin: taɓo ne da motar tono.

Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama, amma a nan haka ake yi, kuma doka ta tsaya masa. Mutum zai biya kuɗin kamu, a ba shi yawanci kwana 28 ya nemo lauya da bankin da zai ba shi bashi, sannan a yi musayar takardun yarjejeniya ya ajiye kashi 10 cikin ɗari. Daga ranar ba ja da baya, sai dai ya yi asarar abin da ya ajiye. Lauyan ne zai bincika ko wurin yana ambaliya, ko akwai tsohon ramin haƙar kwal a ƙarƙashi, ko wani yana da haƙƙin ratsawa. Idan an gama, sunan mai gida ya shiga rajistar filaye ta ƙasa, hukumar da aka kafa tun 1862. Ba goro, ba shaidu, amma kuma da wuya ka ji an sayar wa mutum uku gida ɗaya.

Sai maganar kuɗi. Matsakaicin gida a Ingila yana kusan fam dubu 300, kuma ba kasafai ma'aikaci ke da su a ajiye ba. Bashin banki ake ci, na shekara 25, yanzu ma har 30 ko 35. Daga 2013 zuwa 2023 gwamnati ta gudanar da wani shiri na sababbin gidaje kaɗai, inda mai saye zai kawo kashi 5, ita ta ranta masa kashi 20, banki ya cike sauran. Musulmin da ke gudun riba suna zuwa bankuna irin su Gatehouse, inda ake sayen gidan tare da banki bisa musharaka, mutum yana biyan hayar kason banki yana kuma saye shi kaɗan-kaɗan. Tun 2003 aka daina karɓar harajin sayen gida sau biyu a irin wannan ciniki, abin da ya sa ya zama mai yiwuwa ga talaka.

Na taɓa yi wa kawuna wannan bayani a waya. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ɗan nan, in mutum ya kasa biya fa?" Na ce, "Sai su karɓe gidan, Kawu." Ya ce, "Ashe haya yake yi a hannun banki, ya ce mana ya yi gida."

Kawu yana da hujja, domin shi bai taɓa kwana da bashin ɗaki ba. Namu gini tafiyar hawainiya yake yi. Bana a sayar da buhunan masara a buga bulo, baɗi a sayar da sa a kai linta, in an ɗauki adashi a yi rufi. A tare a ɗaki ɗaya ba filasta, sauran su biyo baya. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashi dominsa, bai san hanyar ƙauye ba. Sai dai wannan 'yanci ba kyauta ba ne. Kuɗin siminti ba ya jiran kowa, kangon da damina biyar ta daka ya fara tsagewa kafin a shiga, kuma da yawa daga cikinmu mazauna waje sun san zafin tura kuɗin gini gida a turo musu hoton ginin wani. Bature yana shiga gida da ƙuruciya ya biya da shekarunsa. Namu yana biya da shekarunsa tukuna, wani ma sai magada ne za su shiga.

Wurin da Ingila ta fi burge ni shi ne abin da ke biyo bayan karɓar makulli. Yawancin sababbin gidaje suna zuwa da garantin shekara 10, galibi daga hukumar NHBC wadda ta samo asali tun 1936. Shekara biyun farko kamfanin ne zai gyara duk abin da ya lalace ta dalilin aikinsa, sauran takwas kuma inshora ce kan manyan matsaloli irin na harsashi da rufi. Akwai ma masu sana'ar neman aibi. Na ga ɗaya yana aiki a gidan wani abokina: ya durƙusa yana ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya yana sauraron wanda ke da rami a ƙasa, ya ɗora ma'auni a jikin bango, ya hau cikin silin da tocila, duk inda ya ga matsala ya manna 'yar takarda mai launi. Kafin la'asar gidan ya yi dabbare-dabbare. Sabo fil, amma ga ƙofa ba ta rufuwa, ga bututu yana ɗiga. Kamfanin ya yi ta jan ƙafa, amma daga ƙarshe ya gyara, domin akwai takarda, kuma tun 2022 akwai ofishin da ke karɓar ƙorafin masu sababbin gidaje.

A ƙauyenmu garanti shi ne kunya. Maginin da ya aza maka tubali da azara sahu ɗaya kuke sallah, in soro ya yi yoyo a daminar farko shi ne ba zai iya haɗa ido da kai ba. Wannan ya isa a zamanin ginin ƙasa, lokacin da sana'ar take ta gado, Sarkin Magina yana sa ido, kowace shekara kuma ana yaɓe kafin ruwa ya sauka. Yau birkila daga wani gari yake zuwa, ya rage siminti, ya ƙaranta rodi, ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa.

Amma takardun Bature suna da ƙaya. A yawancin sababbin unguwannin hukuma ba ta karɓar hanyoyi da magudanai da filin wasan yara, sai a bar su a hannun wani kamfani mai zaman kansa, mazauna su riƙa biyansa duk shekara ban da harajin da suke ba hukumar. Binciken hukumar kula da gasar kasuwanci na 2024 ya gano cewa kashi 80 na gidajen da manyan kamfanoni goma sha ɗaya suka sayar a 2021 zuwa 2022 suna ɗauke da wannan caji. Kafin haka an sha rigimar kuɗin hayar ƙasa da wasu masu gidaje ke biya, wanda ke ninkawa duk shekara goma, har aka yi dokar 2022 ta soke shi a sababbin yarjejeniyoyi. Ga kuma sharuɗɗan da ke cikin takardar mallaka: kada a kiwata kaji, kada a yi sana'a a gida, kada a ajiye motar kaya a ƙofa. Mutum ya zo ƙauye, an hana shi zakara. Gidanmu kuwa da iyali yake girma: an yi amarya a ƙara ɗaki, yara sun tasa a fitar da shago, ga turke ga rumbu ga akurki.

Abin da kuɗin ba ya saya shi ne zama ɗan gari. Mazauna sabuwar unguwa da sassafe suke shiga mota su nufi birni, sai dare. Tsofaffin ƙauye suna kallonsu a matsayin waɗanda suka cinye musu gona, 'ya'yan ƙauyen kuma, masu aikin gona da shago, kuɗin gidan ya fi ƙarfinsu, sai su tattara su koma birni haya. Abin ya kai mutanen St Ives a Cornwall sun yi ƙuri'ar raba gardama a 2016, suka amince kada a sayar da sabon gida ga wanda zai mai da shi wurin hutu kawai. A wasu ƙauyuka ana ba da izini na musamman a gina 'yan gidaje da sharaɗin sai mai alaƙa da garin zai zauna. Wato suna ƙoƙarin dawo da abin da mu muke da shi a banza. Ba wai namu ba shi da aibi ba: wanda kakansa ya zo daga wani gari yana iya tsufa ana ce masa baƙo. Amma daren da ya tare, akushin tuwo zai shigo daga maƙwabta, kuma ba a taɓa jin ɗan gari ya rasa inda zai kafa ɗaki don wani attajirin birni ya fi shi kuɗi ba.

Ko in ce ba a saba ji ba, domin abin ya fara. Duk wanda ya bi ta Kumbotso ko Ungogo ko Dawakin Kudu ya ga yadda awon igiya ke cin gonaki. Ana yanka fuloti ba hanyar kirki, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta ko maƙabarta. Masu saye baƙi ne, ba su san dattawan da suka san iyaka ba, saboda haka shaidar zaure ta raunana, ita kuma rajista irin ta KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna ba ta gama isa can ba. A wannan tsakanin ne ake sayar da fili ɗaya ga mutum uku, manomin da ya sayar kuma ya wayi gari ɗansa ba shi da wurin aure a garin ubansa.

Ba bashin shekara talatin muke buƙata daga Ingila ba, ba kuma dokar hana kaji ba. Abu uku ne: a rubuta kowane ciniki a rajistar da dagaci da hukuma za su iya dubawa tare, a tilasta wa mai yanka gona ya fitar da hanya da magudana da filin jama'a kafin ya karɓi ko sisi, mai gina gida don sayarwa kuma ya sa hannu cewa gyaran shekarun farko a wuyansa yake. Na huɗun namu ne, ba sai mun aro ba: duk gonar da za a yanka, a ware wa 'ya'yan garin kasonsu tun filin yana da araha.