Tambayar da Ban Taɓa Yi wa Umma Ba

A hutun da ya wuce na karanta littafin Amy Tan, The Joy Luck Club, wanda ya fito a 1989. Labarin mata huɗu ne 'yan China da suka yi ƙaura zuwa San Francisco a Amurka, da 'ya'yansu mata da aka haifa a can. Ɗaya daga cikinsu, Suyuan, ta matsa wa 'yarta sai ta zama gwanar kaɗa fiyano. 'Yar ta ɗauka uwar ba ta gamsu da ita ba ne. Sai bayan rasuwar uwar ta ji cikakken labarin yadda ta bar jarirai tagwaye a bakin hanya lokacin yaƙi da Japan, ga ciwo, ga gudun hijira.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Shekara biyu ke nan muna 'yar tsama da Umma. Ita likita take so in zama, ni kuwa ga ni a poli ina karanta akanta. Kullum zancen ɗaya: "Yaushe za ki sake JAMB?"

Daren nan na ce, "Umma, ke me kika so ki zama?" Ta daɗe tana tsintar shinkafa ba ta ɗago ba. Can ta ce ita ke zuwa ta ɗaya a aji shida, aka cire ta aka yi mata aure. Ɗanta na fari kuma a hanyar asibiti ya cika. Ban ma san ina da yaya ba.

Ban canza kwas ba, ita ma ba ta bar zancen likita ba. Amma yanzu in ta fara, zama nake in saurara. Idan kun je gida, ku ma ku tambaya.