Bashin Da Ƙungiyar Samarin Garinmu Ke Bina



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana matasa, a lokacin Babbar Sallar shekarar 2024 na je gida ƙauye kamar yadda na saba. Washegarin Sallah bayan la'asar, sai ma'ajin ƙungiyar samarin garinmu, wanda ƙanen abokina ne, ya same ni a zaure riƙe da wani tsohon littafi da bangonsa ya sha jiki. Bayan mun gaisa ya miƙo mini, ya ce, "Yaya Malam, ga amanar da aka damƙa mini. Ka duba da idonka, kada gobe a ce ni na ci."

Na buɗe na fara karantawa. A shafukan farko sunaye sun cika layi, kowane suna da alamar biyan kuɗin mako a gabansa duk ranar Juma'a. Ina juya shafi sunaye suna raguwa, alamomin suna nisa da juna. A shafin ƙarshe, abin da ya rage a asusu bai isa sayen buhun taki ɗaya ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ci karo da sunana, kuma alamar biyana ta tsaya cak tun shekarar da na tafi birni karatu.

Kunya ta kama ni, domin wannan ƙungiya tana bina bashin da ba a rubuta shi a littafin ba. Shekarar da za mu rubuta jarrabawar gama sakandare, damina ba ta yi kyau ba, mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya rasa yadda zai yi da kuɗin jarrabawa. Samarin ƙungiya suka yi shawara, suka ɗauki fartanya suka je ƙwadago gonar wani mai hali har sau biyu, suka haɗa ladan aikin da abin da ke asusu, suka biya mana mu uku. Cikin waɗanda suka yi wannan noman har da waɗanda ba su taɓa zama a aji ba. Duk abin da na karanta daga baya, na Arabiyya da na jami'a, ta wannan ƙofar na bi na same shi, da iznin Allah.

Wanda ya tashi a birni ba lallai ya san matsayin irin wannan ƙungiya a ƙauye ba. Idan aka yi rasuwa, su ne ke zuwa maƙabarta da diga da shebur tun kafin a gama wanka. Idan ruwan sama ya cinye hanya, su ke cike ta da marmara domin motar kasuwa ta samu shigowa. Su ke yashe rijiya da bazara, su ke gayya a gonar tsohon da ba shi da ɗa a kusa, kuma idan naƙuda ta yi tsanani cikin dare, daga asusunsu ake ranto kuɗin man da za a kai mace asibiti. Da yamma su buga ƙwallo a filin makaranta. Bayan wannan duka, a nan ne da yawanmu muka fara koyon tsayuwa gaban jama'a mu yi magana, muka koyi cewa ana iya kawo shawara a ƙi karɓarta, kuma gobe a gaisa lafiya.

Na san wasu daga cikin 'yan'uwana malamai suna kallon waɗannan ƙungiyoyi da shakku, kuma suna da hujja. Mun ga wadda ta koma dandalin kiɗa da raye-raye har a wuce lokacin sallah, mun ga wadda ta zama sansanin 'yan bangar siyasa. Sai dai ina tambayar kaina: yaron da nake karantarwa a Islamiyya, awa nawa yake yi a gabana? Biyu ne ko uku. Sauran yinin yana tare da sa'o'insa, kuma hadisi ya riga ya faɗakar da mu cewa ɗabi'ar aboki tana naso. Idan muka rushe majalisar da ke da shugaba da doka da littafi, samari ba za su daina taruwa ba, za su koma inda babu mai ganinsu ne. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, an ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda. A 2018 sai da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa suka afka masa. Wannan annoba ta daɗe da isa ƙauye, kuma saurayin da ba shi da abin yi da rani shi ta fi saurin kamawa.

Haɗuwa a kan alheri kuwa tana da asali mai ƙarfi a addininmu. Aya ta 2 cikin Suratul Ma'ida ta umarce mu da taimakon juna a kan aikin kirki da taƙawa, ta hana mu taimakon juna a kan saɓo da zalunci. Manzon Allah (SAW) yana saurayi ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi bn Jud'an, inda wasu dangogin Ƙuraishawa suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, bayan an hana wani baƙon ɗan kasuwa kuɗin hajarsa. Bayan zuwan Musulunci ya ambaci wannan alkawari da yabo, ya kuma nuna cewa da za a kira shi zuwa ga irinsa zai amsa. Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito yabon da ya yi wa Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa (RA), waɗanda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai. Ashe asusun ƙungiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

To me ya sa asusun namu ya bushe? Da muka zauna da daddare da sauran samari, muka bi hanyoyin shigar kuɗin ɗaya bayan ɗaya.

Hanya ta farko ita ce kuɗin mako. An yanka shi tun da daɗewa, ba a taɓa ƙara shi ba, alhali komai ya tashi. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin da a da ke kai mara lafiya uku asibiti ya koma ba ya kai ɗaya. Ga shi da an gama girbi mafi yawan masu biyan sun tafi ci-rani, wasu Kano, wasu Abuja, wasu Legas.

Hanya ta biyu ita ce gudummawar 'yan siyasa. A kakar zaɓen 2019 da ta 2023 an kawo rigunan ƙwallo da ƙwallaye da ɗan abin da ke cikin ambulan. Daga ranar da aka ƙidaya ƙuri'a ba a sake ganin kowa ba. Abin da aka bar mana shi ne gaba, domin ƙungiyar ta dare biyu, kowane ɓangare na zargin ɗaya da sayar da sunanta. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mun yi askin.

Hanya ta uku ita ce mu 'yan birni, waɗanda ƙungiyar ta yi wa rana. A nan na sunkuyar da kai, domin littafin ya riga ya ba da shaida a kaina.

Wani daga cikin samarin ya ce, me zai hana a nemi gwamnati ta ɗauki nauyin ƙungiyar gaba ɗaya? Sai na ba su labarin Samariya ta maƙwabtanmu na Nijar. Asalinta tsohon tsarin nan ne na sarkin samari da muka gada. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau mulki a 1974, ta ɗaukaka ta, ta tsara ta tun daga unguwa har matakin ƙasa, kuma samarinta sun gina azuzuwa, sun dasa itatuwa, sun share garuruwa. Amma da yake jijiyarta na hannun hukuma, da siyasa ta sauya aka yi taron ƙasa na 1991 jam'iyyu suka yawaita, sai ta yi sanyi. Idan gwamnati ta taimaka a karɓa a gode, sai dai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da na ga ya dace, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne mu koma ga waƙafi, wato hubusi a harshen malamanmu na Malikiyya. Sayyidina Umar (RA) ya samu wata gona mai daraja a Khaibar, ya nemi shawarar Annabi (SAW), ya ba shi shawarar ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Sai ya shardanta ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta, kuma mai kula da ita yana iya cin abin da ya dace daga cikinta. Sayyidina Usman (RA) ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Wannan sunna ta bunƙasa har Ibn Battuta, da ya shiga Dimashƙa a 1326, ya ba da labarin waƙafin da aka keɓe domin maye gurbin kwanon da ya fashe a hannun yaron gida, don kada a hukunta shi. Idan magabata sun tuna da fasasshen kwano, mu me zai hana mu tuna da samarin da ke haƙa mana kabari?

Akwai sauƙi biyu a mazhabar Imamu Malik da ya kamata mu sani. Na farko, waƙafi ba dole ne ya zama na har abada ba, ana iya yinsa na ƙayyadadden lokaci. Dattijon da ke da gonar da ba ya iya nomawa zai iya bayar da ita damina uku ko biyar, daga baya ta koma masa ko ga magadansa. Na biyu, ana iya yin waƙafin abin da ake ɗauka, kamar garma ko injin niƙa ko injin ban ruwa. Sharaɗin da za a kula da shi shi ne a karɓi abin a hannu tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa, domin idan ya rasu yana riƙe da shi, waƙafin ya ɓaci. A kuma kiyaye kada a gauraya wannan da zakka, domin ita an ƙayyade masu cinta guda takwas a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma rigar ƙwallo ba ta cikinsu.

Sai dai gona ko inji ba za su yi amfani ba in babu rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ƙungiyoyinmu da yawa zargi ne ya kashe su tun kafin talauci ya iso. Don haka a raba mai riƙe kuɗi da mai riƙe littafi, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata, kuma kada kobo ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Ƙungiyar da ta yi ƙarfi tana iya yin rajistar amintattu a hukumar CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, domin ta mallaki kadara ta kuma buɗe asusun banki da sunanta, kada gona ta zauna da sunan mutum ɗaya wata rana magadansa su ce ta ubansu ce.

A garinmu mun fara, ko da yake da ɗingishi. Wani dattijo ya ba da wata saurar gona ta damina uku, aka rubuta a gaban mai gari da liman. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa bai ji daɗi ba, kuma har yanzu gaisuwarmu da shi a taƙaice take. An ƙara kuɗin mako, wasu suka yi fushi suka fita. Ni kuma na zauna da ma'aji muka lissafa shekarun da na tsallake, na fara biya kaɗan-kaɗan daga albashina na karantarwa, kuma ban gama ba tukuna. Da ya ga na damu sai ya ce, "Yaya Malam, ai tunda ka dawo layi an gama magana." Ni dai na san ƙwadagon da aka yi saboda ni ba ya biyuwa da naira.

Ya kai ɗan'uwana da ke karanta wannan a Kano ko Kaduna ko Zariya, wataƙila kai ma akwai wani littafi a garinku da sunanka ke ciki. Idan ka je gida, nemi ma'aji ya nuna maka. Ka tambayi wace gona ce ke kwance, wane dattijo ne ke neman sadaka mai gudana bai san ta inda zai fara ba. Kuɗin datar da muke ƙonawa a mako ɗaya ya isa kuɗin makon mutum da yawa a can.

Allah Ya shiryi matasanmu, Ya tsare su daga sharrin zaman banza da miyagun abokai, Ya saka wa waɗanda suka yi mana rana da mafificin alheri, Ya gafarta wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma daga gare ni ne.