Bayanau na Turanci da Alƙalaminmu na Hausa



Tun a sakandare aka koya mana cewa bayanau a Turanci shi ne kalmar da ke faɗin yadda aka yi aiki, ko lokacinsa, ko wurinsa. Aka ce mu gane shi da jelar -ly, kamar quickly da slowly. Sai da muka yi nisa muka ga jelar ba ta isa shaida ba. Friendly sifa ce duk da jelarta, fast kuma bayanau ne ba jela. Wanda aka ce he works hard ƙwazo gare shi, amma wanda aka ce he hardly works, malalaci ne. Haruffa biyu sun juya yabo ya koma zagi.

Yanzu wata shawara ta yaɗu a tsakaninmu: wai marubucin kirki ba ya amfani da bayanau. Stephen King na Amurka ya nanata ta a littafinsa On Writing na shekarar 2000. Hujjar masu wannan shawara ita ce, galibi ana jingina bayanau ne ga aikatau mai rauni, alhali Turanci na da kalma guda da za ta ɗauki nauyin biyun.

Shawarar tana da amfani, amma da Turanci aka auna ta. Tsoronmu shi ne matashi ya ɗauke ta ya share amsa-kama daga labarinsa. Ya tashi zumbur, ta tsaya cak, buhu ya faɗi tim: cire waɗannan, ka ga jimla ta zama miya ba gishiri.

Kuma Hausa na zuba wani aikin bayanau a cikin aikatau kansa. Inda Bature zai nemi completely, mu sai mu ce ya cinye. Sayo ta nuna an kawo nan, yayyanka ta nuna an maimaita.

Inda shawarar King ta same mu shi ne labaran intanet da kowace magana ke ɗauke da "cikin fushi", "cikin sanyin murya", "cikin mamaki". In Hajiya ta ce, "Fita min daga gida!", mai karatu ya riga ya ji fushin.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya ɗauki shafi ɗaya na labarinsa, ya ƙirga "cikin" nawa ne, ya ga guda nawa za su iya tafiya. Allah Ya ƙara mana basira.